Faransawa da Japan, mu da Indiya

Duk wanda ya daɗe a Faransa, ko bai damu da karatu ba, zai lura cewa akwai wata ƙasa da ta samu gindin zama a zukatan mutanen nan, alhali mafi yawansu ba su taɓa taka ta ba. Japan nake nufi. Shiga babban kanti sayen madara da sabulu, za ka tarar da layi guda cike da ƙananan littattafan zane na Japanawa, waɗanda ake kira manga. A shekarar 2021 an sayar da kwafi kusan miliyan 47 a ƙasar nan, fiye da rabin dukan littattafan zane da aka sayar, a ƙasar da ke tutiya da nata masu zanen tun kaka da kakanni. A shekarar ce gwamnati ta fara ba kowane ɗan shekara 18 yuro 300 don ya kashe a kan littafi ko silima ko gidan tarihi. Yaran suka ɗunguma kantunan littattafai suka kwashi manga, har jaridu suka riƙa kiran shirin da sunan manga.

Mu da ke zaune a unguwannin arewacin Faris, abin ya fi shigar mana ido a farkon watan Yuli, lokacin taron Japan Expo a filin baje koli na Villepinte, inda mutane fiye da 200,000 ke zuwa cikin 'yan kwanaki. Jirgin ƙasan da ke kai mutane can, RER B, shi ne wanda da yawanmu muke hawa zuwa aiki a wajen filin jirgin sama. Sai ka ga tarago ya cika maƙil da samari da 'yan mata, wannan ya rina gashinsa shuɗi, wancan ya saɓa takobin soso da ya fi shi tsawo, ga masu malafa mai jan ƙyalle sun jeru. Wata yarinya da ta zauna daura da ni tana riƙe da allura da zare, tana ɗinke hannun rigar ƙawarta da ya farke. Jirgi na jijjiga, ita ko ɗago kai ba ta yi. Da na tambaye ta, ta ce tun sanyi take ɗinkin kayan nan da keken kakarta, kuma a intanet ta koyi yanka yadi. Ta juya mini bakin rigar in ga kalmasar. Telan kasuwa ba zai raina aikin ba.

Wani dattijo ɗan Maraɗi da muke tare a jirgin ya bi su da kallo har suka sauka, sannan ya ce mini, "Ɗana, wannan ai ƙoshi ne. Wanda ya san yunwa ina ya ga lokacin zama dodo?" Na ce, "Baba Alhaji, lokacin kuna samari, su wa ke cika silima daren da aka sa Indiya?" Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Wannan daban. Indiyawa suna da kunya."

Amsar Alhaji ba ta wasa ba ce, kuma ita ce ta sa ni wannan rubutun. Ra'ayina shi ne abin da ya kama yaran nan shi ne abin da ya kama iyayenmu, ta hanya iri ɗaya ma ya shigo. Inda muka rabu shi ne abin da kowa ya yi da son nasa bayan ya girma.

Ba wani shiri aka yi ba don Faransawa su so Japan. Gaskiya ne masu zanensu na da, irin su Monet, sun tara hotunan ɗab'in Japanawa tun ƙarni na 19, kuma Van Gogh ya kwaikwayi wasu a nan Faris a 1887, amma wannan harkar manyan gari ce, ba ta taɓa talaka ba. Abin da ya shiga kowane gida ya faro ne ranar 3 ga Yuli 1978, da tashar Antenne 2 ta fara nuna wa yara katun ɗin Goldorak, labarin wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙaho. A lokacin hutu aka sa shi don cike gurbi, domin sayen katun daga Japan ya fi araha nesa ba kusa ba a kan a zana shi a Faransa. Kafin a ankara ya mamaye makarantu, har mujallar Paris Match ta sa shi a bangonta a farkon 1979. Da aka sayar da tashar TF1 ga 'yan kasuwa a 1987, sai ga shirin Club Dorothée, wanda ya yi shekara 10 yana zuba wa yara katun ɗin Japan safe da yamma, Dragon Ball a kan gaba. Masu tashar riba suke nema. Ba su ma damu su duba cewa wasu daga cikin abubuwan da suka sayo an yi su ne don matasa, ba don ɗan shekara shida ba.

To mu fa? Wa ya zauna ya tsara cewa Bahaushe zai so Indiya? 'Yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima ne suka fara shigo da finafinan Indiya arewacin Najeriya tun shekarun 1950, don suna da araha, ba tare da sanin ko za su karɓu ba. Ba fassara, ba a jin ko kalma ɗaya. Amma aka cika Plaza da Orion da El Dorado a Kano, aka cika silimomin Yamai da Maraɗi da Damagaram. Aka raɗa wa jaruman sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Mata suka ɗauki salon yafa gyale, samari suka haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba. Har masu bege na bandiri a Kano suka ɗauki karin waƙoƙin suka ɗora yabon Manzon Allah a kai.

Kunyar da Alhaji ya ambata ita ce mabuɗin. Bahaushe ya ga finafinan Amurka, ya ga na kaboyi da na Sin masu faɗa, ya ji daɗinsu ya wuce. A na Indiya ne ya ga kansa: uba mai iko, auren dole, yarinyar da ke sunkuyar da kai gaban surukai, talaka da mai kuɗi, soyayyar da ba a taɓa juna. Wata ƙasa ce mai nisa, ba ta Turawan da suka mulke mu ba, tana fama da zamani kamar yadda muke fama. Yaron Faransa ma wani abu ya gani da ba ya samu a gida. Katun ɗin Amurka na lokacin kowane kashi zaman kansa yake, a yi guje-guje, a yi dariya, gobe a sake daga farko kamar ba a yi komai ba. Na Japan labari ne mai ci gaba mako bayan mako. Jarumi yakan fara a raunane, maraya ne sau da yawa, ya je wurin malami ya sha wahalar horo, ya faɗi, ya tashi. Abokinsa na iya mutuwa, kuma a yi kuka. An ɗauki yaro a matsayin mai hankalin da zai iya ɗaukar baƙin ciki, shi kuwa yaro ba ya manta wanda ya girmama shi.

Wani abokin aikina Bafaranshe, ya haura hamsin, yana da ɗan gunkin Goldorak na roba a kan teburinsa, fentin ƙahon ya koɗe. Ya gaya mini iyayensa sun rabu yana ƙarami, uwarsa na aiki har dare, kullum shi ke buɗe wa kansa ƙofa da makullin da ke rataye a wuyansa. Abin da ke jiransa a gida shi ne talabijin. Ranar da aka sanar da rasuwar Akira Toriyama, mai zanen Dragon Ball, a watan Maris na 2024, na ga maza masu furfura a wurin aiki sun yi jugum. Shugaba Macron da kansa ya wallafa ta'aziyya. Kuma abin bai tsaya ga farar fata ba. 'Ya'yan Larabawa da na baƙaƙe a unguwanninmu sun fi kowa riƙo da shi, mawaƙan gambararsu na ambaton jaruman nan a baitoci, magoya bayan PSG sun taɓa ɗaga makeken hoton jarumin Dragon Ball a filin Parc des Princes. Yaron da kullum ake nuna masa cewa shi bare ne ya sami jarumin da shi ma daga wata duniya ya zo. Wanda ya kira wannan ƙoshi bai zauna da su ba.

Suka ma an sha a duka ɓangarorin. A 1989 Ségolène Royal, wadda daga baya ta yi takarar shugaban ƙasa, ta rubuta littafi tana kukan cewa talabijin na lalata yara, ta ɗora wa katun ɗin Japan kaso mai yawa na laifin: zubar da jini, rashin kyan zane, rashin tarbiyya. Wani ɓangare na maganarta gaskiya ne, tunda an nuna wa ƙanana abin manya. Aka yi ta yanke finafinan, aka kawo alamomin shekaru a kusurwar allo, manyan tashoshi suka ja baya, Club Dorothée ya rufe a 1997. Sai dai kafin nan abin ya riga ya koma takarda. Kamfanin Glénat na garin Grenoble ya fara buga wani manga mai suna Akira da Faransanci a 1990, ya bi da Dragon Ball a 1993. Yaran da aka ce an lalata suka girma suka zama masu fassara, masu kantin littattafai, editoci, malaman jami'a. Bikin littattafan zane na Angoulême, wanda da yake kallon manga a wulaƙance, ya ba Katsuhiro Otomo, mai zanen Akira, babbar lambarsa a 2015, ya ba wata mai zanen manga, Rumiko Takahashi, a 2019.

A nan nake jinjina musu ba tare da wani ƙyashi ba. Sun so abu, sai suka bi shi har gida. Da farko masu ɗab'i suna juya shafukan don a karanta daga hagu, masu karatu suka ce a bar musu yadda mai zane ya yi. Yanzu 'yata takan buɗe littafinta daga dama, kamar yadda muke buɗe littafin ajami, kuma ba wanda ya koya mata. A makarantar harsuna ta INALCO da ke Faris, sashen Japananci na cikin mafiya cika, ɗalibai na ɗaukar shekaru suna fama da rubutu iri uku don kawai su karanta abin da suke so daga tushe. A makarantar nan ana koyar da Hausa ma, ɗaliban ba su da yawa. Ba na cewa ba sa satar fasaha, shafukan karatu kyauta sun cika intanet kuma suna shiga. Amma akwai isassun masu fitar da yuro bakwai su sayi littafi, har sana'a ta tsayu, mai fassara ya ci abinci, mai zane a Tokiyo ya sami haƙƙinsa.

Mu kuma wata hanya muka bi, kuma ba na raina ta. Ba mu koyi Indiyanci a aji ba, ba mu buɗe shagon littattafan Indiya ba. Haɗiye abin muka yi ya zama jikinmu. Daga littattafan soyayya na Kano zuwa finafinan bidiyo da suka faro a 1990, rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa suka zama namu, har aka sami Kannywood mai ciyar da dubban gidaje. Masu fassarar Indiya-Hausa kuwa, irin su Algaita, sun mayar da ɗan Madras yana zuba karin maganar Fagge. Wannan ƙirƙira ce ta gaske, kuma ta fi ta Faransawa ƙarfin hali ta wata fuskar. Inda muka gaza shi ne ba mu taɓa yarda a fili cewa abin yana da daraja ba. Ana kallo a ɗaki, ana tsinewa a waje. A 2016 gwamnatin Najeriya ta so gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano, hayaniya ta tashi, aka janye. Masu sukar suna da damuwar da nake fahimta, ni ma uba ne. Amma a Faransa suka ta haifar da tacewa da rarraba shekaru, sana'ar ta ci gaba da girma. A wurinmu sau da yawa ƙofa ake rufewa, yara kuma su ci gaba da kallo ta taga, ba mai lura da su.

Duk da haka akwai abin da ke damuna da masoyan Japan ɗin nan, kuma nakan faɗa musu. Da yawansu hoto suke so, ba mutane ba. Japan ɗin da ke kansu ƙasa ce ta furannin bazara da ladabi da jirgin da ba ya makara. Ka ambaci hannun da ke zana abin da suke kallo, sai fira ta mutu. An daɗe ana ba da rahoton cewa ƙananan masu zanen katun a Tokiyo ana biyansu ne a kan kowane zane, kimanin yen 200, abin da bai kai yuro biyu ba, su kwana a ofis don su cika adadi. Mai manga da ke fita mako-mako yana miƙa shafi kusan 20 kowane sati, shekara da shekaru, wasu lafiyarsu ta tafi a haka. Ka ambaci mulkin da Japan ta yi wa Koriya daga 1910 zuwa 1945, ko abin da sojojinta suka yi a Nanjin a 1937, sai a ce maka siyasa ce. Ka ce ƙasar nan 'yan ɗaruruwan masu neman mafaka kawai take karɓa a shekara mai kyau, wanda ke zanga-zangar kare baƙi a Faris sai ya kau da kai.

Kuma da suka fara zuwa da yawa, an ga abin da son hoto ke haifarwa. A 2024 baƙi fiye da miliyan 36 suka shiga Japan. A shekarar ce mazauna unguwar Gion ta Kiyoto suka hana 'yan yawon buɗe ido shiga wasu lungunansu, saboda ana bin matan da ke sanye da kayan gargajiya ana tare musu hanya da kyamara. Wani ƙaramin gari a gindin dutsen Fuji sai da ya kafa baƙin labule a bakin titi don ya kare wurin da ake cincirindon ɗaukar hoto. Ba Turawa kaɗai ke wannan ba, maƙwabtan Japan ne ma suka fi yawa a cikin baƙin. Amma duk wanda ya ce yana son mutane, ya kamata ya san matar da ya tare tana sauri ne zuwa wurin aikinta.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Waɗanda suka tafi Indiya neman magani ko karatu sun dawo da labarin da ba ya cikin fim: wariyar asali tsakaninsu, halin da Musulmi ke ciki a wasu jihohi, da yadda ake kallon baƙar fata. A watan Maris na 2017 gungun mutane sun far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida kusa da Delhi. Shekara sittin muna rera waƙoƙinsu, yawancinsu ba su san akwai mu ba. Wannan bai sa na ce iyayenmu sun yi wauta ba. Abin da suka gani a silima ya taɓa su da gaske, kawai dai ba shi ne dukan Indiya ba.

Iyaye 'yan uwana da ke nan sukan tambaye ni ko su hana yara. Ni ban hana ba, amma ina dubawa kafin littafi ya shigo gida. Manga ba abu ɗaya ba ne. Akwai na yara maza, na 'yan mata, na manya, akwai na ƙwallo da na girki da na tarihi, akwai kuma masu tsiraici da ƙazanta waɗanda ba za su kwana ƙarƙashin rufina ba. Mai kantin littattafai na unguwa ya san kayansa, in ka tambaye shi zai gaya maka gaskiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. 'Yata ta san sunayen unguwannin Tokiyo, ta san yadda ake gaida babba da Japananci, ta san aljanun tatsuniyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Gizo da Ƙoƙi kuwa sai in na tuna na ba ta da daddare, a gajiye, ba hoto, ba ci gaba gobe. Ba laifin Japanawa ba ne. Sun yi aikinsu, sun zana nasu.

Kuma ba za mu ce ba mu da wanda ya nuna hanya ba. Moustapha Alassane na Nijar ya yi katun tun tsakiyar shekarun 1960, da kwaɗi a matsayin 'yan siyasa, yana cikin na farko-farko a Afirka baki ɗaya. A 1966 ya yi fim a kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa huluna da takalma suka ɗauki sabbin sunaye, suka hargitsa ƙauye. Shigar kwaikwayon da Alhaji ya gani a jirgi, ɗan ƙasarsa ya riga ya ɗauke ta a fim tun Alhajin na yaro. Alassane ya zauna a Tawa yana zane da sassaƙa 'yan tsana har ƙarshen rayuwarsa a 2015. A 2017 gidan tarihin MoMA na New York ya tattara finafinansa ya nuna. Ni kaina a nan Faris na fara ganinsu, ban taɓa cin karo da su a wata tashar gida ba.

A ɓangaren Faransawa, ɗaya daga cikin yaran da suka tashi da Dragon Ball, Tony Valente na Toulouse, ya zana nasa mangan mai suna Radiant. Japanawa suka fassara shi zuwa harshensu, kuma a 2018 tashar gwamnatinsu, NHK, ta fara nuna shi a katun. Shekara 40 ke nan bayan an sa Goldorak don cike gurbin hutu. Masu zane a Kano da Kaduna da Yamai suna nan, ina ganin aikinsu a Instagram, wasu hannunsu ya kai. Abin da babu shi ne tasha ɗaya, Arewa24 ce ko Télé Sahel, da za ta ware minti ashirin bayan la'asar kowace rana, ta biya su kuɗin da za su rayu a kai, ta kuma jure shekara biyar kafin ta fara lissafin riba.